Bammin Lahadi da Jana'izar Laraba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina karanta labarai da Hausa a wani gidan rediyo a Enugu, minti goma sha biyar kullum da ƙarfe biyar na yamma, saboda 'yan Arewa da ke kasuwanni. Da aka soke shirin ban koma gida ba, domin babu mai jirana a can. Na ci gaba da zama a unguwarmu, a ɗaki guda cikin gidan wani Alhaji dillalin albasa a kasuwar Ogbete. Na zama mai rubuta wa jama'a takarda, mai sanarwa a lasifikar masallaci, mai tafinta idan hukuma ta kira shugabannin Hausawa taro. Ana ce mini Malam. Idan na zo wucewa, matasa masu tura baro sukan sassauta murya.

Ban da wannan suna, abu ɗaya na mallaka a ƙasar nan: gurbi a kan wani benci, ƙarƙashin bishiyar kashu, a wani ƙauye mai nisan minti arba'in a mota, inda nake shan bammi duk ranar Lahadi. Na san hukuncinsa, ba sai an karanta mini ba, kuma ba kare kaina na zo yi ba. Yadda na rasa gurbin zan faɗa.

Wanda ya kai ni wani dattijo ne na unguwarmu, Baba muke ce masa. Tsohon soja ne. Ya zo kudu yana saurayi lokacin yaƙin basasa, aka gama yaƙi bai koma ba. Ya daɗe yana gadin makarantar firamaren ƙauyen, daga baya ya dawo gari ya kafa tebur yana sayar da goro da citta. Matarsa ta rasu, ɗansa yana kasuwar Ochanja a Onitsha, 'yarsa tana aure a Fatakwal.

Makon da aka soke shirina ya same ni zaune a ƙofar gida da ƙarfe biyar, ina motsa baki ni kaɗai. Ya tsaya yana kallona.

"Malam, wa kake karanta wa?"

"Ba kowa, Baba."

"To, Lahadi ka raka ni ƙauye in duba akuyata."

Akuyar kam akwai ta. Wata tsohuwa ce, baƙa, ɗaure a bayan gidan mai bammi. Baba yakan tsaya ya shafa kanta, ya tambaye ta lafiya, don kada a ce ya yi ƙarya, sannan ya wuce gindin kashu.

Su tara ne lokacin da na je, ni na cika goma. Duk 'yan ƙauyen ne, Ibo, sai mu biyu, kuma kusan duk sun ajiye aiki. Ƙungiyar ba ta da suna. Shugabanta, tsohon hedimastan makarantar da Baba ya yi wa gadi, ya ce ƙungiyar da aka raɗa wa suna za ta nemi tsarin mulki, daga nan kuma sai rigima. Amma akwai dokoki. Ana zama bayan an taso daga coci. Mai bammi, wanda shi ke hawa bishiya ya sauko da shi, shi zai fara kurɓa a gaban kowa. Ba a sha a tsaye. Ba a maganar siyasa sai ƙoƙo ya zaga sau uku, kuma daga ya zaga sau uku babu mai sauran sha'awarta. Ƙoƙon yana bin shekaru, daga babba zuwa ƙarami, hannu da hannu, ba a ajiye wa mutum shi a ƙasa.

A nan rigimar take. Baba da wani tsohon mahaƙin kwal kowannensu yana cewa shi ne babba, kuma babu mai takardar haihuwa. Hedimasta ya raba su: wannan makon Baba ne babba, mako mai zuwa ɗayan. Baba yana kiran mutumin Gawayi, shi kuma yana kiran Baba Soja. Ni Rediyo suka sa mini. Da broka, Turancin kasuwa, ake hira, a nan zan mayar da ita Hausa.

Gawayi ya yi yaƙi a ɗaya ɓangaren, yana da harsashi a gwiwar hagu tun lokacin. Duk makon da ƙoƙo ya fara isa hannun Baba sai ya buga gwiwar.

"Ku duba. Ya harbe ni, yanzu kuma ya sha gabana."

"Da ni na harbe ka da yanzu matarka ta manta sunanka."

"Kai ne! Na ga baƙin hancinka a bayan rogo."

"Ni ban taɓa saita gwiwa ba. Wanda ya harbe ka ɗan koyo ne."

Haka suke kowace Lahadi, kalmomin ma ba sa sauyawa sosai, kuma kowace Lahadi sai an yi dariya.

Babban aikin zaman shi ne cankar bishiya. Mai bammi yana da kwakwa da tukurwa a wurare daban-daban, kowace da irin ruwanta: ta bakin rafi, ta bayan coci, da wata karkatacciya da suke kira gurguwa. Zai zuba ba tare da ya faɗa ba, kowa ya kurɓa, ya juya a baki, ya faɗi daga inda ya fito. Wanda ya faɗi ba daidai ba sau uku a jere shi zai wanke ƙoƙuna. Na yi wata shida ina wanke ƙoƙuna. Baba kuwa ba ya kuskure. Yakan rufe ido, ya tauna iska, ya ce, "Gurguwa ce, kuma jiya da yamma aka sauke, wannan mutumin yana cutar mu." Mai bammi ya rantse, ya sake rantsewa, sannan ya amsa.

"Ni ba sha nake ba, Malam," in ji Baba. "Bincike nake."

Sau ɗaya a shekara, lokacin sabuwar doya, ana gayyato mai bammin ƙauyen gaba a gwada nasa da namu. Hedimasta ne alƙali, kuma ban taɓa ganin baƙo ya ci ba. Matar mai bammi takan kawo rogo yankakke da aka kwaɓa da manja da busasshen kifi, mu kuma mu zo da tsire ko kilishi a takarda.

Nawa aikin shi ne labarai. Idan zama ya yi nisa sai Gawayi ya buga gwangwani sau uku, ya ce, "Ƙarfe biyar daidai." In gyara zama, in sa muryar aiki, in karanta musu labaran ƙauye da Hausa tsantsa: kazar matar mai bammi ta ɓata, ana ci gaba da bincike, majiya mai tushe ta ce an ga Hedimasta yana barci a coci. Babu mai jin Hausa sai Baba, shi ne tafinta, kuma ƙarya yake shirga musu daga farko har ƙarshe. In ce kaza ta ɓata, ya ce, "Rediyo ya ce an kama Gawayi a bayan gidan bazawara." Gawayi ya yi tsalle da ƙafa ɗaya ya ce zai kai gidan rediyon kotu.

A unguwa duk kalmar da zan furta sai na auna ta, domin Malam ne ya faɗa. A gindin kashu nakan kwafsa broka a yi mini dariya, in ma faɗi wauta a ce mini wawa, in kwana lafiya. Ban san wani wuri kamarsa ba tun da na bar ƙuruciya. Kafin magariba mu kama hanya, mu kuskure baki a famfon tasha, Baba ya ciro kanumfari daga aljihu ya ba ni uku. La'asar ɗin Lahadi da yawa ramuwa na yi musu. Idan an tambaye mu a unguwa, daga wajen akuya muke.

A shekarata ta shida a cikinsu ɗaya ya mutu, wani tsohon direban tanka. A nan na ga yadda suke yi. Mako bakwai gawarsa ta yi a mutuware, ɗakin ajiye gawa, ana shiri. Ƙungiya ta yanko yadi iri ɗaya, tela ya zo gindin kashu ya auna kowa. Ranar binnewa, 'yan ƙungiya ne suka karɓi akwatin daga ƙofar gida suka kai shi bakin kabari, wannan haƙƙinsu ne, ko 'ya'yansa ba sa hana su. Ni da Baba muka saka ankonmu a ɗakin mai bammi, muka cire a can kafin mu dawo. Ni daga gefe na tsaya. Baba ya sa kafaɗa, shi da Gawayi a gaba, ɗaya na ɗingishi ɗaya na haki.

A motar dawowa sai da muka shigo cikin gari, unguwar Ogui, sannan Baba ya ce, "Malam, ka ga namu ba ya jira."

"Haka ne, Baba."

"Safe mutum ya tafi, azahar an rufe shi. Waɗannan kuwa ba su san sauri ba. Ni ba na so su ɗauke ni, ba na so su zuba mini komai a kabari. Su zo kawai su tsaya daga bayan sahu. Mutum ɗari za su sallace ni, babu wanda ya taɓa jin dariyata a cikinsu. Idan na riga ka, ka kira su da wuri."

"Allah ya ja kwana, Baba."

"Ban tambaye ka addu'a ba. Za ka kira?"

Na ce zan kira.

Bayan shekara uku ya kwanta. Hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin dama. Ya yi kwana tara a asibiti, ya cika ranar Laraba bayan asuba, ni da ɗansa muna wajen. Liman ya ce a jira 'yarsa ta taso daga Fatakwal, a yi jana'iza da ƙarfe biyu da rabi. Ni aka ba sanarwa, kamar kullum. Na koma unguwa, na kunna lasifika, na faɗi sunansa da na mahaifinsa, na faɗi wuri, na faɗi lokaci, na maimaita sau uku. Muryata ba ta yi rawa ba. An horar da ita kada ta yi.

Daga nan na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Ƙarfe takwas saura ne. Na riƙe waya ina kallon lambar Hedimasta, ina ganin abin da zai faru kamar an riga an yi. Za su zo su bakwai a keke-napep biyu. Gawayi zai sauka yana ihu tun daga bakin titi, domin bai iya kuka a hankali ba. Zai hango ni a gaban masallaci ya kira ni Rediyo, ya rungume ni. Mai bammi, ko ya yi wanka sau bakwai, warin sana'arsa yana jikinsa. Sai mutane su fara tambaya: su wane ne waɗannan, a ina suka san Baba, a ina suka san Malam?

Amma na yi alkawari. Na kira.

"Oga Hedimasta, ni ne. Soja ya rasu yau da asuba."

Na ji ya kira sunan Ubangiji da yarensu, na ji kujera ta yi ƙara.

"Yana ina yanzu?"

"Yana asibiti."

Gaskiya ce. A lokacin ba a ɗauko shi ba tukuna.

"To. To. Bar shi a can, su kula da shi. Zan gaya wa sauran. Lahadi mu zauna mu tsara komai. Kai ma ka ci abinci, Rediyo, ka ji?"

"Allah ya kai mu," na ce. Na kashe waya.

Editan da ya fara koya mini aiki yana da al'ada. Idan ka kai masa labari zai bi shi da biro yana neman abu huɗu: wa, me, ina, yaushe. Idan ɗaya ya ɓace ba ya magana, takardar kawai zai miƙo maka. Na yi shekara goma sha ɗaya ban bar ko ɗaya a baya ba. Ran nan na ba da uku na riƙe na huɗu, kuma ba mantuwa ba ce. Da sun taso ƙarfe ɗaya ma da sun iso. Na zauna a bakin gado na gaya wa kaina cewa na kira, ban yi ƙarya ba, shi ne bai tambaya ba. Na yi ta maimaita wannan har aka kira ni wajen wanka.

An sallace shi, an kai shi, an dawo. Jama'a sun taru sosai. Kowa ya ce mutumin kirki ne, ba ya faɗa da kowa, ba ya wasa da sahun farko.

Ranar Juma'a aka yi sadakar uku a ƙofar gidanmu. Bayan an shafa fatiha mutane sun ragu, Alhaji mai gidana ya matso kusa da ni a kan tabarma, yana ɓare goro.

"Malam, wai ina mutanen nan nasa na ƙauye? Ba su ji ba ne?"

"Waɗanne, Alhaji?"

"Haba Malam. Na wajen akuya." Bai ko ɗago kai ba. "Akuyar da ba ta haihuwa, ba ta mutuwa, ba a sayar da ita. Shekara nawa yana dawowa yana tauna kanumfari kamar mai ciwon haƙori? Mu yara ne?"

Ya ci gaba da ɓare goronsa.

"Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma zama tare daban ne. Na sa an ajiye benci a gefen rumfa ranar Laraba, na ce ko za su zo. Kai da kuke tafiya tare ba ka da lambarsu?"

"Na kira su."

"To me ya hana su?"

"Ban sani ba, Alhaji."

Ya girgiza kai ya ce, "Mutanen duniya ke nan." Ya miƙo mini ɓarin goro. Na karɓa. Na tuna bencin. Na gan shi ranar, babu kowa a kai, na ɗauka na tsofaffi ne.

Ranar Lahadi na tafi ni kaɗai. Na yi tunanin kada in je, sai na ga idan ban je ba su za su zo nemana. Na same su duk sun hallara tun kafin lokaci, ba a zuba komai ba. Yadi yana kan benci a naɗe, fari mai ratsin kore, tela yana zaune da tef ɗin awo a wuya. Hedimasta ya ce sun zaɓi marar hoto saboda sun ji mu ba ma son hoto a wajen mutuwa. Mai bammi ya ce bai hau gurguwa ba tun Laraba, ba zai hau ba sai an binne. Gawayi ya yi aski. Ya ce shi zai yi jawabi, kuma kada wanda ya hana shi faɗin maganar gwiwa.

"Zauna, Rediyo," in ji Hedimasta. "Abu biyu muke son sani. Wace mutuware yake, kuma a nan za a yi ko Arewa za a kai shi? Idan Arewa ne, mu huɗu za mu bi mota."

Ban zauna ba. Na ji muryar aiki ta fito da kanta, wadda ba ta rawa.

"An yi jana'izarsa ranar Laraba da ƙarfe biyu da rabi."

Tela ne ya fara motsi. Ya cire tef daga wuya ya naɗe shi a hankali.

"Wace Laraba?" in ji Gawayi.

"Wadda ta wuce."

"Ranar da ya mutu?"

"Ranar."

Ya dubi Hedimasta, ya dubi yadin, ya sake dubana. Bai yi ihun da na ji tsoro ba. Bakinsa ne kawai yake motsi.

Hedimasta ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Ƙarfe takwas ka kira ni. A lokacin ka san da ƙarfe biyu da rabi?"

"Na sani."

"Na san kuna gaggawar binnewa. Na koyar da shi ma a aji. Da na ajiye waya sai da abin ya zo mini. Sai na ce a raina, idan yau ne, ai Rediyo zai faɗa. Mutumin da yake gaya mana ƙarfe nawa kaza ta ɓata." Ya mayar da tabarau. "'Ya'yansa ne suka ce kada mu zo?"

"A'a."

"Limaminku?"

"A'a. Shi ma Soja ya ce in kira ku da wuri. Tun ranar direba ya ce."

"To wa?"

"Ni."

Babu wanda ya tambaye ni dalili. Ina jin sun sani. Mai bammi ya tashi ya shiga gida, na ɗauka ba zai dawo ba, sai ga shi ya fito da takalmi a ƙafa.

"Kai mu wajensa," ya ce.

Mu huɗu muka tafi: Hedimasta, Gawayi, mai bammi da ni. Mota zuwa gari, keke zuwa maƙabartar Musulmi da ke gefen gari. Babu wanda ya yi magana a hanya sai Gawayi, sau ɗaya, da ya tambaye ni ko ana cire takalmi. Na ce ba dole ba ne. Ya cire.

La'asar ta yi sanyi lokacin da muka shiga. Ƙofar a buɗe take, masu haƙa sun tashi. Na wuce gaba zuwa layin ƙarshe, inda ake sababbin binnewa, sai na tsaya. Kaburbura uku ne sababbi a jere, jar ƙasa iri ɗaya, tsawo ɗaya, kowane da guntun itace a wajen kai. Babu suna, babu allo. Mu ba ma gaggawar rubuta suna, wasu ma ba sa rubutawa sam, wanda ya kai mamaci shi ne ya san inda ya ajiye shi.

Ni na kai shi. Na sa hannu a makara, na zuba ƙasa. Amma a tsaye a wurin na gane cewa ranar Laraba ban kalli kabarin ba. Ƙofa nake kallo. Tun da aka sauke shi har aka shafa, idona yana kan ƙofar maƙabarta, ko Hedimasta ya sake tunani, ko keke biyu za su tsaya. Na tuna launin ƙofar, na tuna wani kare da ya wuce ta gabanta. Ko akwai wani sabon kabari a dama ko a hagu lokacin, ban sani ba.

"Wanne ne?" in ji Gawayi.

Na nuna na tsakiya.

Ya durƙusa a kan gwiwar mai harsashi, abin da ban taɓa ganin ya yi ba ko a coci ranar direba. Ya dafa ƙasar da tafin hannu ya fara magana da yarensu, ƙasa-ƙasa, yana yi yana tsayawa kamar mai jiran amsa. Can ya koma broka, wataƙila don Baba ya ji.

"Soja, wannan makon kai ne babba. Na bar maka. Na bar maka duka."

Mai bammi yana tsaye a bayansa, hannuwa a baya, ya sunkuyar da kai. Bai zo da komai ba, bai zuba komai ba.

Hedimasta ya matso kusa da ni har kafaɗarmu ta haɗu. Bai dube ni ba.

"Ka tabbata shi ne?"

Na sake duban kaburburan uku. "Ban tabbata ba."

Ya ja numfashi. "Kada ka gaya masa."

Mun yi kamar rabin awa. Da Gawayi ya gama sai da mu biyu muka ɗaga shi, ni da mai bammi, kuma da ya miƙe ya zare hannunsa daga nawa, ba da ƙarfi ba. A bakin ƙofa suka tare keke. Su biyun suka shiga, Hedimasta ya tsaya da ƙafa ɗaya a ciki.

"Rediyo, ba mu da dokar kora. Ba mu taɓa bukatarta ba. Idan ka zo, bencin yana nan." Ya dafa ƙarfen keken. "Sai dai ƙoƙo hannu da hannu yake tafiya. Ban san wanda zai miƙa maka ba. Ni dai ba yanzu ba."

Na ce na gode. Keken ya tafi.

Ban koma ba. Shekara biyu ke nan. Na ji an ce Gawayi yakan zo maƙabartar wani lokaci, shi kaɗai, ya cire takalmi a ƙofa, masu haƙa har sun saba da shi. A unguwa babu abin da ya sauya. Ana ce mini Malam, ina yin sanarwa, an ma ƙara mini da rubuta wasiƙun kwamitin masallaci. Ranar Lahadi nakan zauna a ƙofar gida daga azahar zuwa magariba, wanda ya wuce ya gaishe ni in amsa daidai.

Masu haƙa suna nan, su uku ne, na san su, kuma irinsu ba sa manta inda suka sa mutum. Tambaya ɗaya ce. Nakan gan su a masallaci ranar Juma'a, mu gaisa, in tambaye su aiki, su ce da godiya. Har yau ban tambaya ba.